Harafi Biyu a Gefen Hagu

Wasu daga cikinku sun rubuto suna cewa na cika jan rai, wai in fito fili in faɗi abin da ya shiga tsakanina da yarinyar nan. To ga shi. Ba zan ƙawata komai ba, ba kuma zan wanke kaina ba. Ni ba mai magana ba ne. Rubutun nan ma don ba kwa ganin fuskata ne nake iya yin sa.

Shagon Kawuna ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Takardu muke bugawa: wasiƙar neman aiki, aikin ɗalibai, katin gayyata, fotokwafi. Shekarata uku a wurin, tun da na gama sakandare. Idan ka shigo, bencin masu jira yana hannun dama, injin fotokwafi da ke tauna takarda idan ya ɗau zafi yana hagu, sai fanka mai karyayyen wuya da aka ɗaure da waya tana kallon bango. A ƙurya akwai tebur, da kujera mai juyawa, da kwamfuta guda ɗaya tak.

Mu uku ne a kan kwamfutar, kowa da akawun ɗinsa da kalmar sirrinsa. Kawu ba ya buɗe nasa sai zai nuna wa wani hoton jikokinsa. Ni nake zama daga takwas na safe zuwa ƙarfe biyu. Daga biyu har a rufe, ita. Shi ya sa Kawu ya raɗa mana suna, ni Na Safe, ita Ta Yamma. Sunan ya bi mu, har masu kawo aiki ba su san mana wani ba.

Aikin ma a rabe yake. Ni wasiƙu da aikin ɗalibai, irin wanda ake farawa daga gefen hagu a bi layi-layi har a gaji. Ita kati da takardar talla, irin wanda ake jerawa a tsakiyar shafi. Hannunta ya saba, ko jerin abin da za ta saya a kasuwa ta rubuta, a tsakiya take tsara shi kamar gayyatar biki.

Minti biyar muke haɗuwa a rana. Ta shigo da jaka a kafaɗa, mayafinta ya ɗan zame saboda sauri, ta ce, "Na Safe, an yini lafiya, ko har yanzu ana fushi da duniya?" In ce lafiya lau. In kulle ɓangarena, in miƙe, in ba ta kujera, in fita. Shekara ɗaya da rabi muna haka. Doguwar maganar da na taɓa yi mata ita ce ranar da na ce tawadar firinta ta kusa ƙarewa, baƙar, ba mai launi ba.

Kada ku tambaye ni yaushe abin ya fara. Na dai lura na san rigunanta duka. Akwai ruwan toka mai maɓalli a hannu, akwai shuɗiya mai ɗigon fari da take sawa idan tana cikin walwala, akwai baƙar da tawada ta ɓata wa bakin hannu amma ta ƙi rabuwa da ita. Na kuma lura daga ɗaya da rabi ba na iya buga layi biyu ba tare da kuskure ba.

Sai Injiniya ya ɓullo.

Gadoji yake ginawa a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Katin ofis ya zo bugawa. Aka buga. Ya dawo ya ce lambar wayar ta yi ƙanƙanta. Aka gyara. Ya sake dawowa ya ce launin bai kwanta masa ba. Kullum da yamma yake gano kuskuren, bai taɓa gano shi da safe ba. Mutum ne mai tsafta, farar riga a goge, magana a hankali, turare mai kwana a shago har in tarar da shi washegari. Na nemi abin da zan kushe shi da shi, ban samu ba.

Kawu abokin mahaifinta ne, don haka labarin gidansu yake iso ni ban tambaya ba. Yana ware takardu yana ba ni. Injiniya ya gabatar da kansa. Mahaifinta ya ce zaɓi nata ne, ba zai matsa mata ba, amma bai dace a bar mutumin kirki a tsaye wata uku ba a ce masa komai ba. Mahaifiyarta ta riga ta yanke nata hukuncin, kullum tana tuna mata ƙanne mata biyu suna biye da ita. Yayanta kuwa, wanda duk maganar gidan ta wurinsa take bi kafin ta kai ga tsoho, ya ce ta ba da amsa kowa ya huta.

"Yaron ya yi," in ji Kawu. "Sai dai zan rasa mai kati. Ko za ka koya?"

Na ce zan duba.

Wata Litinin na zo da safe na tarar kwamfutar tana sabunta kanta. Allo shuɗi, ɗan zobe yana juyawa, da rubutu cewa kada a kashe. Minti arba'in. Wata ɗaliba mai jiran aikinta ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Da kwamfutar ta dawo, ba wadda na sani ba ce. Alamomin kan allo sun kumbura kamar an hura su. Tagar rubutu, wato shafin da nake buga aiki a ciki, ta buɗe rabinta a nutse a ƙasa, sai da na jawo ta da linzamin kwamfutar. Na daidaita abin da zan iya, na ci gaba. Kawu ya leƙo ya ce shi dama ba ya son abin da ke gyara kansa ba a sa shi ba.

Dokar Kawu ce ba a kashe kwamfutar, don tashinta sai an yi kamar ana roƙo. Ɓangarenka kawai za ka kulle, ka bar ta ta yi barci. Washegari na zo, na tashe ta, na sa kalmar sirrina. Allon ya girgiza. Maimakon ɓangarena, sai ga tagar da Ta Yamma ta bari jiya: katin buɗe wani shagon takalma, ja da ruwan zinare, ya cika allon. Linzami ba ya motsi. Ba abin da ke taɓuwa, hoto ne kawai ya maƙale. Can allon ya yi baƙi, ɓangarena ya fito.

Na kulle na sake shiga, bai kuma ba. Sai an sauya daga wani zuwa wani yake yi. Rana ta gaba na ƙirga. Daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ban gaya wa kowa ba. Ita kuwa ba ta buƙaci a gaya mata ba, tunda abin da ke samuna da safe shi ke samunta da rana. Ranar Alhamis da na sa kalmar sirri, ba kati na gani ba. Farin shafi ne, da layi biyu a tsakiya:

"Na Safe, na san kana ganin wannan.
Ka daina barin min kujera a sama, ƙafata ba ta kai ƙasa."

Biyu saura minti uku na sauke kujerar. Da ta zauna ta ɗan juya hagu da dama, ta ce wa Kawu yau kujerar nan ta yi hankali. Ba ta kalle ni ba. Ni ma ban kalle ta ba.

Haka muka shiga. Kowace safiya da nata saƙon. Wata rana: "Wa ya cinye min biskit ɗin aljihun tebur? Ba na zargin kowa, amma Kawu ba shi da haƙori." Na sayo wani na ajiye. Wata rana: "Mai agogo ya ce jiya ka yi dariya. Na ce sai na ga shaida." Wata rana kuma babu wasa a ciki: "Gida ya yi min zafi. A nan kaɗai nake numfashi." Ranar na cika firinta da takarda, na goge allon, na juyo da fankar wajen kujera na ƙara mata ɗauri. Amsata ke nan. Ban taɓa rubuta mata ko harafi ba. Abin da take gani nawa da rana aikin ɗalibai ne, ƙananan rubutu cunkus, wanda ba mai tsayawa karantawa.

Za ku ce me ya hana ni. Lambarta tana cikin wayata, amma duk saƙon da ke tsakaninmu bai wuce "mabuɗi yana wurin mai fenti" ba. Ina gaya wa kaina cewa mai kujerar rabin yini a shagon kawunsa ba shi da bakin tsayawa kusa da mai gina gada. Haka nake faɗa. Gaskiyar ta fi wannan gajarta. Tsoro ne.

Laraba ta mako na biyu, layi uku na tarar:

"Ranar Juma'a zan ba Baba amsa.
In na ce to, tafiya zan yi.
Kai ba ka da abin cewa?"

Allon ya yi baƙi. Na ga fuskata a ciki, ban ji daɗin ganinta ba.

Ranar na buga wa wani mutum wasiƙar neman aikin direba, na rubuta cewa yana neman aikin darakta. Shi ya gano, ba ni ba. Duk sanda benci ya yi sarari sai in buɗe sabon shafi. Da farko na cika shi har ƙasa. Sai na tuna daƙiƙa goma sha ɗaya ba ta isa karanta shafi ba. Na rage ya koma sakin layi. Na sake ragewa. Ɗaya da rabi, kalma biyar suka rage. Na mai da su manyan baƙaƙe, na ƙara musu girma yadda ko daga bakin ƙofa za a karanta. Na bar su inda hannuna ya saba barin komai, a jikin gefen hagu:

BA NA SO KI TAFI.

Ƙarfe biyu ta shigo da shuɗiyar nan mai ɗigon fari. Ba ta yi tsokanar da ta saba ba, ta dai tsaya ta dube ni fiye da kullum. Na kulle, na miƙe, na fita. Hulata ma a kan firinta na bar ta. Ban tsaya na ga ta zauna ba. Na yi tafiya har ƙarshen titi, na tsaya gaban wani kantin magani ina kallon kwalabe, wayata a hannu. Ba ta yi ƙara ba. Har na isa gida ba ta yi ba.

Alhamis na riga Kawu zuwa, sai da na jira mabuɗi. Na sa kalmar sirri. Allon ya girgiza, tagarta ta fito. Shafi ne fari tas, babu ko ɗigo. Na zauna na kalle shi har ya ɓace.

Ƙarfe biyu ta shigo da baƙar rigar. "Sannu da aiki, Malam," ta ce. Malam. Ta ajiye jaka, ta juya wajen Kawu, ta ce ya fara neman wanda zai riƙe masa kati, za ta koya wa ko wane ne kafin wata ya ƙare. Kawu ya tambaya ko an yanke ke nan. Ta ce kusan haka.

Ban ji wani abu ya fashe a ƙirjina ba, kamar yadda masu labari suke faɗa. Na dai ɗauki hulata. A ganina ta karanta, ta auna, ta ba da amsa. Ban ga laifinta ba. Ko ni ne ita, gada zan zaɓa.

Da yamma a gida, Umma tana ninke wanki a tsakar gida, Yaya kuma tana kan keken ɗinkinta a baranda. Yayata tela ce, ta girme ni da shekara shida, kuma ba abin da ke wuce idonta. Na tura kwanon abincina gefe. Umma ta ɗauko zancenta na kullum, cewa 'ya'yan ƙawayenta duk sun kawo wadda suke so an gani, nata ɗan ko sunan mace bai taɓa ambata ba. Yaya ta ce ai wannan sai dai matar ta zo ta nemi aurensa, ta kuma amsa wa kanta a madadinsa. Da Umma ta shiga ɗaki, Yaya ta tsayar da keken.

"Wace ce?"

Na ce babu kowa. Ta ci gaba da kallona. Na ce na dai faɗa wa wata, ba ta so.

"Da baki ka faɗa?"

"A rubuce."

"A waya?"

"A kwamfuta."

Ta cire allurar da ke bakinta don kada ta haɗiye ta wajen dariya. Ta tambaya ko na haɗa mata da takardar shaidar gama makaranta da hoto biyu. Da ta gama ta ce, ita dai ba ta taɓa yanka yadin mutum ba tare da ta ga mai shi tsaye a gabanta ba, don abin da aka aiko a takarda kullum sai an samu inda ya gaza. Na ce mata maganar ta wuce. Ta ce to, ta koma kan kekenta.

Juma'a wajen sha ɗaya mai gyara ya zo. Kawu ne ya kira shi, don ya gaji da ganin jikokinsa da kumburarrun kawuna. Mutum ne mai ƙiba, mai surutu, da jakar sukundireba da ba ya buɗewa. Ya ce kada mu ba shi labari, mu nuna masa. In buɗe kowane aiki a ɓangarena, in kulle, Kawu ya shiga nasa. Wasiƙa ce a gabana, na bar ta, na tashi. Kawu ya zauna ya sa kalmar sirrinsa da yatsa ɗaya.

Karo na farko ke nan da na ga yadda tagata take fitowa ga wani.

Wasiƙar ta fito a baje, ta karkata hagu. Inda na rubuta "Zuwa ga Shugaba", "ga Shugaba" ne kawai. Kowane layi an gutsure masa kai. Mai gyara ya ce ya sha ganin haka tun da sabuntawar nan ta fito. Wai lokacin sauya akawun, kwamfutar tana mance girman allonta, sai ta miƙe tsohon hoton fiye da yadda allon zai ɗauka, gefen hagu ya faɗa waje. Ya ɗora yatsu biyu a bakin allon. Ya ce kusan haka take cinyewa. Abin da ke tsakiya ba ya taɓuwa.

Na ce ya dakata.

Kawu ya kalle ni, don bai saba jin na katse mutum ba. Na koma ɓangarena, na buɗe sabon shafi, na buga kalmomin nan biyar, da girman da na ba su shekaranjiya, a inda na bar su shekaranjiya. Na kulle. Na roƙi Kawu ya sake shiga. Ban yi tunanin cewa mutum biyu ne za su karanta ba. Ko na yi, ban damu ba.

Allon ya girgiza. Yankan ya faɗa daidai tsakanin kalma ta farko da ta biyu, tsaf, kamar da almakashi.

"Na so ki tafi," Kawu ya karanta da ƙarfi. "Wa kake kora?"

Na ce akwai "ba" a gaba.

Kawu ya maimaita a hankali, da ita da babu ita. Ya cire tabarau, ya kalli kujerar, ya kalle ni. Mai gyara ya shiga binciken jakarsa kamar ya tuna wani abu a ciki.

"Shekara ɗaya da rabi," in ji Kawu. "Kalma biyar ka iya tarawa, ɗayar ma ta faɗi a hanya."

Minti biyar mai gyara ya yi. Ya sauke wani abu, ya canja wani, ya kashe ya kunna. Muka gwada sau uku. Kowa ya shiga, ɓangarensa yake gani, tsaf, ba saura. Ya ce shi ke nan, yanzu ba mai ganin na wani. Ya faɗa ne kamar albishir.

Sha biyu saura na tura mata saƙo: "Ina son magana da ke." Alamar ta nuna ta karanta. Sai bayan minti tara amsa ta shigo: "Ta aiki ce?" Na ce a'a. Ta karanta. Na ga tana rubutu, ta daina, ta sake farawa. Abin da ya iso shi ne: "Zan zo ɗaukar kayana ƙarfe biyu." Na fara buga mata bayani, na kai layi huɗu, na goge. Na daina yarda da allo.

Ta zo da rigar da ban taɓa gani ba, koriya mai aiki a wuya, da mayafi mai kauri da bai zame ba. Takalmin ma sabo ne, yana damunta, na ga yadda take taka shi. Kawu ya tuna cewa agogonsa yana gudu, ya fita wurin maƙwabci. Ta buɗe aljihun tebur ta fara kwashe kayanta: kofinta, cajar waya, ɗan littafin samfurin launuka. Biskit ɗin ta bar shi.

Na ce ba abin da na rubuta ta gani ba.

"Na iya karatu, Malam."

Na yi mata bayani, a hargitse. Sabuntawa, girman allo, yatsu biyu, yadda ita take rubutu a tsakiya ni kuma a gefe. Ta saurara tana naɗe wayar caja a hannunta. Da na gama ta ce in nuna mata. Na ce an gyara ɗazu. Ta yi wani ɗan murmushi da ba na daɗi ba, ta tambaya to da me za ta yarda. Na ce Kawu ya gani, mai gyara ma ya gani.

"Ba su na tambaya ba."

Fankar tana ta kaɗawa. Wani ya leƙo da takardu a hannu, ya ga fuskokinmu, ya ce zai dawo.

"Ba na so ki tafi," na ce.

"Sake faɗin farkon."

"Ba."

Ta zauna a bencin masu jira, inda ban taɓa ganin ta zauna ba. Ta cire takalmi ɗaya ta ajiye ƙafar a kansa. Da ta fara magana, ƙasa take kallo. Ta ce ranar Laraba ta tsara kati gaba ɗaya ba ta ganin abin da take bugawa, har mai katin ya tambaya ko idonta ke ciwo. Ta ce ta yi ta juya kalmomin ko za su ba da wata ma'ana, ba su ba da ba. Kuma sun yi kama da ni, mutumin da ke tashi ya fita da zarar ta shigo. A yammacin Larabar ta ce wa mahaifiyarta to. Mahaifiyarta ba ta iya riƙe daɗi, ta riga ta buga wa 'yan'uwanta waya ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya iso tun safe. Babanta ne kaɗai bai ji daga bakinta ba, sai bayan la'asar.

"Ba zan koma gida in ce na fasa don kwamfuta ta cinye harafi biyu ba," ta ce. "Cewa za su yi na taɓu."

Na ce to yaya za a yi.

Ta ce ba ta sani ba. Ta ce kada in ɗauka tana jirana ne kamar wadda ba ta da wani zaɓi, Injiniya mutumin kirki ne, bai taɓa sa ta karanta zuciyarsa a takardar firinta da fanka ba. Ta mai da takalminta, ta miƙe, ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ban ce zan zaɓe ka ba. Amma a gidanmu ba wanda ya san da kai, ba a zaɓen wanda ba a san da shi ba. Yaya yana gida."

Ta fita.

Biyu da rabi ne. Kawu ya dawo, a fuskarsa na ga bangon shagon bai hana shi jin komai ba. Na tambaya ko zai je min, tunda abokin tsoho ne. Ya ce idan na je na dawo zai bi sawu, har sau goma in ana so, amma zuwan farko ba a aika wani. Ya ce in wanke tawadar hannuna. Ya ce in sa rigata cikin wando, ya dube ni, ya ce a'a, in fitar da ita. Ya kwatanta min gidan, duk da na san shi. Sau da yawa na bi ta layin ban tsaya ba.

Tafiyar minti ashirin ce. Na yi ta a ƙafa don in samu lokacin haɗa abin faɗa. Na haɗa, ya watse. Na sake haɗawa. Da na shiga layin, abin da ya rage min bai fi sallama ba.

Ƙofar gidan shuɗiya ce, fentin ya fara ɓarewa daga ƙasa. Mota tana gefe, ƙurar doguwar hanya a jikinta. A inuwar bango akwai benci, mutum biyu a kai suna shan shayi. Ɗaya dogo ne mai gemu, idonsa irin nata. Ɗayan farar riga ce a goge.

Na yi sallama, suka amsa. Injiniya ne ya fara gane ni. Ya yi fara'a, ta gaskiya, ya ce wa mai gemun ai wannan na shagon da ƙanwarsa ke aiki ne, yaron kirki, ba ruwansa da kowa. Ya tambaya ko aiko ni aka yi. Yayanta ya matsa, ya buga tafinsa a kan bencin, a ɗan wurin da ke tsakaninsu, ya ce in zauna.

Ban zauna ba. Na ce ba aiko ni aka yi ba, da ƙafata na zo. Na ce wurinsa na zo, kuma maganar ƙanwarsa ce.

Injiniya ya sunkuya ya ajiye kofinsa a ƙasa, a hankali, don kada ya zube.

"To," in ji Yayanta. "Muna jin ka."